Tawada a Tafin Hannu

Dutsin-Ma. Alhamis, 3 ga Zulƙida 1348, bayan La'asar

A kan sauran takardun littafin zangon allura nake wannan rubutu, tunda an rufe zangon, ba kuma wanda zai tambaye ni su. Ni ne Abdulƙadir ɗan Ummaru, mutumin Hadeja, malamin allurar shanu. Shekarata uku ke nan a ƙasar Katsina ban taka gida ba. Na sa sunana ne don in littafin ya faɗa hannun wani ya san wanda zai zaga.

An ce kada in wuce Dutsin-Ma da Kurfi sai Baturen dabbobi ya iso, wanda Fulani suke kira Mai Lofe. Wai sai ashirin da biyu ga wata. Ranar za a zauna gaban alƙalin Kurfi a kan shanun Rabe na Wurma. Talatin ya kawo mana, goma sha tara sun mutu. Tukur mutumin Tamawa, wanda yake kama mini shanu in zan yi allura, yana tsare a Kurfi tun shekaranjiya. In aka same shi da laifi gidan yarin Katsina za a kai shi. Ga damina ta ƙarato, ga shi furfura ta fara cin gemunsa, ba shi da ɗa namijin da zai yi masa shuka.

Ni ne mai shaida, kuma ban tuna komai ba game da ranar allurar. Ina da zazzaɓi ranar.

Juma'a, 4 ga wata, da hantsi

Bari in rubuta yadda aikin yake, ko don kaina.

Allura biyu ake yi wa kowace saniya. Ta farko jinin maraƙi ne mai ciwon bushiya. Ta biyu ruwan magani ne da ake aiko mana a kwalabe daga kudu. Saniya takan ɗan kwanta kwana huɗu ko biyar ta tashi, daga nan bushiya ba ta ƙara kama ta har ta mutu. Amma in ta sami jinin ba ta sami maganin ba, to da hannunka ka ba ta ajali. Maganin nan ba ya son zafi ko kaɗan, don haka a cikin randar ruwa muke ajiye kwalaben, a gindin tsamiya.

Ranar Talatar da abin ya faru a zangon Wurma, sha shida ga watan Ƙaramar Salla, shanun da muka yi wa da safe duk sun tashi. Na Rabe da yamma aka yi musu. Bayan Azahar zazzaɓi ya kayar da ni, na miƙa wa Tukur allurar, na kwanta a bukka. Haka na rubuta wa Bature: Tukur ne ya yi allurar yamma. Gaskiya na rubuta. Mutane kuma suka ƙara nasu, wai bai iya ba, wai a ƙasa ya yi ta tsiyayar da maganin.

Ban ce ya yi ba. Ban ce bai yi ba.

Asabar, bayan Asuba

Mafarkin nan kuma. Zango, tsamiya, kukan shanu. Na doshi randar, na farka.

Lahadi, 6 ga wata, bayan La'asar

Inna Fatu, tsohuwar da aka sauke ni a gidanta, ta tare ni tun ban gama wanke ido ba.

"Bahadeje, kai da wa kake faɗa cikin barci? Zakarana ma ya bar maka aikin. In kewar kihi ce ke damunka ka faɗa mani, in kamo maka ƙadangare."

Na ce, "Inna, da kifi da ƙadangare ai duk ɗaya ne a wurin Bakatsine."

Ta yi dariya har da tari. Sannan ta daina, ta ce in je in ga Malam Sa'idu, mai makaranta a gindin dutse, don mutumin da yake ihu cikin barci kwana goma ba wasa ba ne.

Na je. Dattijo ne siriri, idonsa na hagu ya yi fari. Yana ganina ya ce, "A'a, mai ba baƙo ruwan sanyi! Tun Wurma ban sake sa ka a ido ba." Na ce Allah gafarta Malam, ban tuna ba, ina da zazzaɓi ranar. Na yi maza na shiga maganar da ta kawo ni.

Ya saurara har na gama. Ya ce mafarki iri uku ne, akwai na Ubangiji, akwai na Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, nawa na ukun ne. "Zuciyarka ce take biya maka karatu, kai kuma da an zo wurin da ba ka so sai ka tashi ka fita."

Na ce ina so in tsaya in ga abin da ya faru, in san abin da zan gaya wa alƙali.

Ya ce, "Alƙali ba ya karɓar mafarki, ka riƙe wannan tun yanzu. Amma ana iya koya wa mutum ya san barci yake yi alhali yana cikinsa. Mun ji daga malamanmu."

Ga abin da ya ce in yi. In rubuta suna ɗaya a tafin hannuna da tawada, kada ya zama aya ko sunan Allah, tunda zan shiga bayan gida da shi. Alwala za ta wanke shi, in sake rubutawa, sau biyar ke nan a yini. Duk rubutawa in dube shi, in kau da kai, in sake dubawa, in tambayi kaina, farke nake ko barci? Ya ce rubutu ba ya zama wuri ɗaya a mafarki, ran da na duba na ga ya motsa, to na shiga. In rage tuwon dare. In riƙa ƙailula, don barcin rana ba shi da nauyi, ya fi sauƙin kamawa. In na farka kuma kada in motsa ko yatsa sai na tattara abin da na gani, sannan in rubuta.

Sunan 'yata na rubuta, Azumi. Ran da na baro gida ko zama ba ta fara ba.

Talata, 8 ga wata, da Azahar

Farke nake. Farke nake. Sau goma sha ɗaya yau, farke nake, ban kuma ga abin murna a ciki ba.

Mai nama ya gan ni ina kallon hannuna a bakin masallaci, ya ce in duba masa ko matarsa namiji za ta haifa. Yanzu rabin gari sun ɗauka malamin shanu ya koma duba.

Alhamis, 10 ga wata, bayan Magariba

Na hau keke na je Kurfi. Rairayi ya ci ƙafar keken, rabin hanya tura shi na yi.

A wani ɗaki bayan gidan dogarai suka sa Tukur. Ya rame. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin miƙewa, na ce ya zauna.

"Malam, ya jikin? Zazzaɓin ya sake ka?"

Shi yake tsare, shi yake tambayata jiki. Na ji haushin wannan, ban san dalili ba.

Na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah yadda ya yi allurar. Ya ce, "Yadda ka koya mani. Bayan kafaɗa, in tsinke fata, in danna har ƙarshe. Talatin ɗin nan ba wadda na tsallake. Ni mi zan ci in na zubar? Kwalaben ma da hannuna na ɗauko su daga randa, da sanyinsu."

Da sanyinsu. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

Da zan fito na tarar da Rabe a zaure, ya zo ganin alƙali. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa ya yi, "Malam, lokacin da kowa ke kora shanunshi daji don kada ku gani, ni na kawo nawa, don ka zauna zaurena ka sha hurata ka ce in yarda da kai." Sai ya shiga jera mini sunayensu. Goje, Fara, 'Yar Baƙa, Mai Kunne. A ta shida muryarsa ta tsaya.

Juma'a

Ba komai. Barci kamar an jefa ni rijiya.

Asabar, 12 ga wata, bayan ƙailula

Ya faru. Bari in rubuta kafin ya gudu.

Ina zangon, ga tsamiya, ga shanu. Sai na ga kogi a bayan tsamiyar, cike fal, har da kwale-kwale. Na ce a raina, yaushe Wurma ta yi kogi a tsakiyar bazara? Na buɗe hannu. Sunan Azumi yana tafiya kamar jerin tururuwa. Na ce, barci nake yi.

Ban taɓa ganin duniya da haske irin wannan ba. Kowane ganyen tsamiya daban. Ina jin zafin ƙasa a tafin ƙafata, ina jin warin kashin shanu, ina kuma sane da cewa jikina yana kwance a ɗakin Inna Fatu. Randar tana nan, taku goma tsakanina da ita.

Ban je ba. Kogin na nufa. Na faɗa kwale-kwale, na tuƙa, na hango gidanmu, na hango bayan Mas'uda matata tana shanya kifi. Na buɗe baki zan kira ta, murna ta yi mini yawa, na farka.

Da na gaya wa Malam Sa'idu sai da ya share hawaye don dariya. "An buɗe maka ƙofar ɗakin shari'a, kai kuma ka tahi kamun kihi. Bahadeje dai Bahadeje ne." Ya ce nan gaba in na gane, kada in yi zumuɗi, in murza hannuwana, in dubi ƙasa, in yi numfashi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono.

Litinin, 14 ga wata, da yamma

Hawwa'u matar Tukur ta zo daga Tamawa, a ƙasa. Ta zauna a tsakar gida kusa da Inna Fatu, ta ba ni gefe, ba ta dube ni ba. Sunan mijinta ma ba ta kama ba, ba shakka.

"Malam, ba roƙo na zo ba. Baban su Rabi ya ce kai mutum ne mai gaskiya, ya ce in kwantar da hankalina. Ni dai gonar ce. Kowa ya yi sharar tashi ya kai taki, tamu tana nan da kututturan bara. Irin ma yana cikin rumbu, shi ke buɗewa, ni ban taɓa shiga ba."

Ta turo mini ƙullin gyaɗa. Na ce ba zan karɓa ba, kada a ce an sayi bakina. Inna Fatu ta ce, "Kai, rufa mana baki. Bakinka har nawa yake da za a saye shi da gyaɗa? Karɓi, kada ka kunyata baiwar Allah."

Na karɓa. Tana nan a kan taga, ban taɓa ba.

Ya ce ni mutum ne mai gaskiya. Wa ya aike shi?

Talata, 15 ga wata, bayan ƙailula

Na sake shiga. Na murza hannu, na dubi ƙasa, mafarkin ya tsaya cak. Na ce da ƙarfi, a nuna mini Tukur! Sai ga shi durƙushe a bayan wata karsana, yana waige-waige, yana tsiyayar da magani a ƙasa.

Na gani da idona. Na farka da sauƙi a ƙirjina, na ci tuwo malmala biyu, na yi wa Inna Fatu waƙar masunta har ta ce ko na sha wani abu ne.

Laraba, bayan ƙailula

Wani abu ya hana ni sakewa tun jiya. Tukur ɗin da na gani da hannun dama yake riƙe da allura. Tukur bahago ne.

Yau da na shiga sai na gwada. Na ce a nuna mini Rabe. Ga Rabe durƙushe yana tsiyayar da magani. Na ce Inna Fatu. Ga ta nan, da zanenta na saƙi, tana tsiyayarwa tana waige. Da na ce Mai Lofe ma da ya zo ya durƙusa.

Ashe bafade na samu. Duk abin da raina yake so, ranka ya daɗe, haka ne. Kuma yanzu na san abin da raina yake so. Mutumin da ya yi shekara biyu yana shiga tsakanina da ƙahon bijimi, shi nake so a ce ya yi.

Alhamis, 17 ga wata, bayan La'asar

Na gaya wa Malam Sa'idu duka, har da murnar da na yi. Bai yi mini wa'azi ba. Yana feƙe alƙalami, bai ko ɗago ba.

"To ka daina ba da umarni. Wanda ya san barci yake yi, ƙarfi ya samu, ba gani ba. Gani sai wanda ya iya yin shiru. In ka shiga ka nemi wuri ka zauna kamar baƙon da bai san kowa ba. Kada ka kira kowa, kada ka nemi komai. Ka dubi ƙananan abubuwa, inda inuwa take, abin da ke ƙasa." Ya hura alƙalamin. "Na lura kowa ka kira a zangon nan ban da mutum ɗaya."

Na ce wa?

Ya ce, "Tashi, La'asar na wucewa."

Juma'a

Ban yi ƙailula ba. Ban ga dama ba.

Asabar, 19 ga wata, da hantsi

Shekara uku. An yi mini alkawarin hutu da Babbar Sallar nan, wata biyu, har na sayi ɗan zane na ajiye wa yarinyar da ba ta san fuskata ba. Shekara uku ina bin gindin shanun mutanen da in sun hango ni sai su ce ga ɗan aiken Nasara. Bature yana ganina Bahaushen da ba a sakar wa aiki, su kuma suna ganina rabin Bature. Shanu dubu nawa na tsayar da hannun nan? Ba wanda ya jera mini sunayensu. Sai goma sha tara.

Ba laifin Rabe ba ne. Na sani. In nawa ne da na yi fiye da haka.

Ina da zazzaɓi ranar. Kowa ya sani, Tukur ma ya shaida. Wa zai kama mai zazzaɓi?

Ban yi ƙailula ba yau ma.

Lahadi, 20 ga wata, bayan Azahar

Barcin ne ya sace ni a zaune, ban shirya ba. Amma hannu ya saba, na duba, sunan ya narke.

Na nemi saiwar tsamiya na zauna. Ban kira kowa ba. Na dubi inuwa, tana da tsawo ta yamma, hantsi ke nan. Na daɗe ina kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar gero. Sai na ji takun jaki. Wani dattijo ya sauko, ya yi sallama, ya nemi ruwa.

Sai na ga hannuwa biyu sun shiga randa. Ban ga fuska ba, daga cikinta nake kallo. Akwai tabon ƙugiya a babban yatsan dama, tun ina yaro na same shi a bakin kogi. Hannuwan suka fito da kwalabe huɗu, ɗaya bayan ɗaya, suka jera su a kan falalen dutsen da ke bayan tsamiya, sannan suka ɗebo ruwa a moɗa.

Na so in tashi. Na murza hannu, na dubi ƙasa, na zauna.

Inuwa ta yi ta janyewa har ta dawo gindin itace. Jaki ya tafi. Hannuwan suka koma kan dutse, suka taɓa kwalba, suka janye da sauri. Zafi kamar kunun da aka sauke yanzu. Kan ya juya dama, ya juya hagu. Tukur yana can nesa yana ɗaure maraƙi. Hannuwan suka mayar da kwalaben cikin randa, a hankali, don kada su yi ƙara.

Ba firgita ce ta tashe ni ba. Buɗe ido kawai na yi.

Lahadin dai, bayan La'asar

Bafade ya taɓa yi mini ƙarya, don haka na je wurin mai ido biyu, ko da yake ɗaya ne yake gani. Na ce, Allah gafarta Malam, ranar da ka biyo ta Wurma, me ka gani?

Ya ce, "Ta'aziyya za ni, ƙishirwa ta kama ni. Ka tashi da rawar jiki, ka tsamo wasu kwalabe huɗu daga randa ka ɗora kan dutse, kana cewa ba ka ba malami ruwa da kayan shanu a ciki. Na ce ka bari, ka ƙi. Muka yi ta hira, kana ba ni labarin kogin garinku, har rana ta take. Idonka ja wur, na ce ka kwanta. Lahiya?"

Na ce da ya tafi kwalaben suna ina?

"Inda ka aje su mana."

Bai san abin da rana take yi wa maganin ba. Ba wanda ya sani a ƙasar nan sai ni da Mai Lofe. Na ce lafiya lau, na yi masa sallama.

Litinin, 21 ga wata, bayan Asuba

Ban sani ba ko mantuwa ce ta gaskiya, ko kuwa kau da kai na yi har wuyana ya ƙage a haka. Na dai san tun da na farka jiya tafin hannuna yake tuna zafin kwalbar nan, kuma wannan ba mafarki ba ne.

Fitar da su kunya ce, kowane ɗan mutunci zai yi. Mantawa da su zazzaɓi ne. Mayar da su cikin ruwa ba tare da na ce uffan ba, wannan fa? Wani maganin sai an yi kwana shida ana jira, ga Rabe ya kawo shanu tun safe, ga ni na gaji, ga Bature zai tambayi yadda aka yi kwalba huɗu ta lalace. Na ce a raina wataƙila ba abin da ya same su. Wataƙila.

In na yi shiru gobe, ranar Salla ina gida.

Litinin, da Azahar

Na ci gyaɗar Hawwa'u. Duka.

Litinin, bayan La'asar

Na koma wurin Malam Sa'idu na gaya masa abin da rana take yi wa maganin. Can ya ce, "Ashe ƙishirwata ce." Na ce a'a, Malam, ruwa kawai ka sha, saura nawa ne. Na roƙe shi ya zo Kurfi gobe. Ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira a ba shi aron jaki, nasa ya yi ɗingishi.

Kurfi. Talata, 22 ga wata, bayan Magariba

An zauna a zauren alƙali. Mai Lofe a kan kujerarsa ta tafiya, Rabe a gefe, Tukur a tsakiya da dogari a bayansa.

Alƙali ya ce in faɗi abin da na sani game da allurar da Tukur ya yi. Na ce, Allah gafarta Malam, allurar Tukur ba ta da aibi, mataccen magani na ba shi. Na faɗi sauran. Malam Sa'idu ya shaida kwalabe huɗu a kan dutse daga hantsi har rana ta take.

Alƙali ya ce, "Mayar da su cikin randa fa, wa ya gani?"

Na ce ba kowa.

"An ce mani kana neman abin nan cikin barci. Mafarki kake kawo mani?"

Na ce a'a. Mafarki bakin ƙofa ya kai ni, da ƙafata na shiga. Ina farke na tuna, ina farke kuma nake faɗa.

Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa, ya tambaye ni da Hausarsa ta hanci me ya sa ban rubuta haka tun farko ba. Na ce tsoro. Ya rubuta wani abu. Ya karɓe keke da akwatin allura, ya ce aikina ya ƙare daga yau. Bai yi zalunci ba, ko ni ne haka zan yi. Maganar da ke tsakanina da Rabe alƙali ya ɗage ta zuwa bayan Salla, ya ce kada in bar ƙasar kafin nan. Rabe ya tashi ya fita bai dube ni ba. Yana da gaskiya.

Aka kwance Tukur. Na tsaya a ƙofa ina jira ya zage ni ko ya tofa mini yawu. Ya zo ya tsaya, ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Malam, kwana ashirin da ɗaya."

Na ce na ƙirga.

"Ni ma," in ji shi. Ya wuce.

Laraba

Na rubuta wa Mas'uda. Sau uku ina yagawa. Zanen na ba wani falke mai zuwa gabas.

Tamawa. Litinin, 28 ga wata, bayan La'asar

Ranar Alhamis na zo nan a ƙasa. Inna Fatu ta cusa mini dambu a jaka, tana cewa Bahadeje bai iya laifi ba, bai iya tuba ba, komai sai ya yi da ihu. Na tarar da Tukur a gona shi kaɗai yana fama da kututturan bara. Na ce kwana ashirin da ɗaya na ci masa, na zo in yi su. Ya jefo mini gatari.

Kwana uku bai yi mini magana ba sai nuni da baki. Hawwa'u takan ajiye ƙwaryar fura biyu a gindin gawo ta koma. Jiya ne ina saran wani kututture, gatarin ya kuɓuce ya tafi can, na ji ya ce, "Kai jama'a. Malam, wannan gona ce, ba taru ake jefawa ba." Ya zo ya gyara mini riƙo da hannunsa na hagu.

Ba na mafarkin komai. In na kwanta sai kiran salla.

Yau hadari ya haɗu ta gabas, bai zubo ba, amma an ji ƙamshinsa. Tukur ya hau rumbu ya sauko da iri. Da muka zauna shan fura na buɗe hannuna don sabo. Ba tawada, tun Kurfi ban sake rubutawa ba. Kanta ce guda huɗu, biyu sun fashe. Na kau da kai, na sake dubawa. Suna nan inda suke.

"Mi ka gani?" in ji Tukur.

Na ce farke nake.

Ya ce, "To tashi, saura kunya goma."